Ranar da Aka Tura Fijon Baba Alhassan

Lawan tela bai san inda takalminsa na dama ya fice ba. Ya dai ji ƙafarsa ta nutse a taɓo ta fito babu komai, bai ko waiwaya ba, ya ci gaba da gudu rungume da galan a ƙirji kamar wanda ya ɗauko jariri. Fetur ne a ciki, bai ma kai rabi ba, amma a Kaduna a daminar 1994 ko cikin kwalba ka samu sai ka gode wa Allah.

"Tela, bi a hankali kada ka zubar!" in ji Ladidi mai markaɗe, tana ɗaga murya daga bakin injinta.

Ita ta ba shi man. Ɗan abin da ta ɓoye ke nan don markaɗen gobe, amma da ta ji an ce Baba Alhassan ya faɗi, bakinsa ya karkace, ko ƙarshen zancen ba ta tsaya ji ba. Ta kashe inji, ta tsiyaye har wanda ke cikin tanki, ta bar matan unguwa tsaye da robobin wake da tattasai suna kallon juna.

Baba Alhassan maƙwabcin Lawan ne a Unguwar Sarki. Katanga ɗaya ta raba su, ita ma gajera, ta kanta ake miƙa gishiri da garwashi. Da hantsi Lawan na kan keken ɗinki sai ya jiyo salatin Inna Yalwa, matar tsohon, irin salatin nan da ba a tsayawa tambayar ko lafiya. Ya haura katangar. Ya tarar da Baba kwance a ƙasa gefen bencin aikinsa, ɓarin jikinsa na dama ya saki, miyau na bin gemu, ido na kallon mutane amma harshe ya ƙi. Aka kira mai kemis na bakin titi, ya zo ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya duba, ya sake dubawa, sai ya naɗe kayansa.

"Wannan ya fi ƙarfin shagona," ya ce. "Asibiti, kuma yanzu-yanzu. Jinkiri ba naku ba ne."

To, a kai shi da me? A nan fa gizo ke saƙa. Lawan ya fita babban titi ya tsaya yana ɗaga hannu biyu kamar sabon mahaukaci. Titin da a da sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, ranar nan awaki ne kwance a tsakiyarsa suna tuƙa. Tasi ɗaya ta wuce, mutane har cikin but, direban bai ko rage gudu ba. Ya ruga gidan wani alhaji mai mota a bayan layinsu, aka ce motar na layin mai tun makon jiya, gaba mota baya mota, ko sarki ne ya aiko ba ta fitowa. Yana dawowa sai idonsa ya faɗa kan rumfar kwano da ke ƙofar gidan Baba. Kai, Lawan! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ga mota nan lulluɓe da tamfol, mai kawai ta rasa. Shi ne ya zabura gidan Ladidi.

Fijo ce 404, ruwan madara, tsohuwar yayi amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Baba Alhassan direban gwamnati ne tun zamanin Jihar Arewa. Ya tuƙa Moris, ya tuƙa Ofel, ya tuƙa Marsandi mai dogon hanci, kuma wannan Fijon ita ce ta ƙarshe da ya riƙe. Da aka yi gwanjonta ya saye abarsa. In ya fara ba ka labarin tsoffin motoci, to nemi wurin zama. "Motocin yanzu duk uwarsu ɗaya," yakan ce. "Na da kuwa, tun kafin ta ɓullo ka san wadda ke tafe, da jin kukanta." A cikinta ya koya wa Lawan tuƙi ranakun Lahadi, yana masa faɗa kamar zai cinye shi ɗanye in ya saki kuloci da garaje.

Sai dai ba Fijon ce ta sa ake leƙen gidan ba. Tun da tsohon ya ajiye aiki ya koma ƙera ƙananan motoci. Kada ka ɗauka irin motar langa-langa ce da yara ke ja da zare. A'a, mota sak, wadda za ta zauna a tafin hannu biyu, ƙofa na buɗewa, sitiyari na juya taya. Da gwangwanin madara yake yi, da waya, da dalma, tayoyin kuma daga tsohon silifa. Kujerun Lawan ke ɗinka masa da ƙyallayen da suka rage a shago. Duk motar da ya taɓa tuƙawa sai da ya yi ƙaramarta ya jera a kan kantar ɗakinsa. Kuma tsohon yana da wata aƙida da ba mai raba shi da ita: ba ya kwaikwayon abu daga hoto, ba ya yi da ka. Sai ya riƙe ainihin ƙarfen a hannu, ya juya shi, ya auna da tef ɗin tela, ya rage awon, sannan ya sa almakashi a gwangwani. Saboda murfin fitila guda sai ya taka har Panteka ya wuni cikin gawarwakin motoci.

"Mazan wasu na tara awaki, nawa gwangwani yake tarawa," in ji Inna Yalwa. Amma ita ke wanke masa gwangwanayen ta shanya a rana.

Lawan ya iso yana haki, ya fizge tamfol, ya juye man a tanki yana lallaɓa galan ɗin har ɗigon ƙarshe. Kafin nan Ahmadu mahauci ya bar teburinsa ya zo, da wasu maza biyu na layin. Suka ɗauko Baba cikin bargo suka shimfiɗe shi a kujerar baya. Inna Yalwa ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, mayafi a karkace, ta laluba aljihunsa ta miƙo makulli.

"Bismillahi," in ji Lawan, ya murɗa.

Inji ya yi gir-gir-gir, ya yi shiru. Ya sake. Gir-gir-gir. Ya taka totur, sai ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, sako-sako, kamar ba a ɗaure da komai ba.

"Daɗewa ta yi a ajiye," in ji Ahmadu. "Sake dai. Ko mu tura ta?"

A baya Baba ya yi wani irin gurnani, hannunsa na hagu mai motsi yana bugun kujera. Lawan ya ɗauka zafin ciwo ne.

"Yi haƙuri, Baba, yanzu za ta tashi."

Ya yi ta murɗawa har batir ya fara sanyi, sannan ya fito ya ɗaga bonet. Lawan ba bakanike ba ne, amma wannan ko makaho ya shafa ya san an cire wani abu. A gefen inji, inda ya kamata a ga kafireto, wato abin da ke shayar da inji mai, rami ne kawai an cusa masa farin tsumma, an ɗaure bakin tiyon mai da waya, tsaf-tsaf, aikin mai natsuwa.

"Inna! Ina kafireto?"

"Mene ne kuma kafireto?"

"Wani ƙarfe ne, ya kai ƙaramar buta, a nan yake zama."

Sai ta dafe ƙirji. "Ko wanda ya jiƙa mini a kwanon tuwo da kananzir? Wayyo ni Yalwa! Ai cewa ya yi tunda babu mai a gari, motar ba inda za ta, bari ya ciro shi ya auna. Yana ɗaki."

Lawan ya faɗa ɗakin da gudu, yana roƙon Allah ya same shi a dunƙule, a ɗaura noti biyu a wuce wurin. Ina! A kan faranti ya same shi, an warware shi filla-filla. Kowane ɗan noti da gwangwanin kifin da aka ajiye shi a ciki, ga wasu allurai na tagulla, ga 'yan sifirin sirara kamar gashi, an jera su reras. A gefe kuma ga ƙaramar Fijo ruwan madara, bonet a ɗage, da ɗan kafiretonta a ciki wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, an gama shi, yana ƙyalli. Ga kanta cike da motoci, Marsandi, Moris, Ofel, babu wadda za ta kai mutum ko bakin ƙofa. Wallahi a lokacin nan Lawan ji ya yi kamar ya share su duka da hannu ɗaya su zube. Haushin tsohon ya kama shi, ga tausayi, ga tsoro, har bai san wanne ke kawo masa ƙwalla ba.

"Ahmadu!" ya ƙwala kira yana fitowa. "Garejin Aminu bakanike! Ko a wuya ka ɗauko shi!"

Ahmadu ya zuba da gudu. Lawan ya kawo farantin a hankali ya durƙusa da shi a bakin ƙofar baya ta motar, gwiwoyinsa cikin taɓo.

"Baba, kana ji na? Ga shi na kawo. Kai ka kwance shi, kai ka san yadda yake. Nuna mini da hannu kawai, ni zan ɗaura. Hannun tela ne, ka san shi."

Inna ta tallafo kan mijinta. Idon tsohon ya sauka kan farantin ya daɗe, sannan ya koma kan Lawan, kuma abin da ke cikin idon nan kunya ce tsagwaronta. Mutumin da ke alfahari bai taɓa kwanar da fasinja a hanya ba. Ya ɗaga hannun hagu, yatsa na karkarwa, ya nuna wani gwangwani. Lawan ya ɗauki allurar tagulla. Yatsan ya nuna wani rami. Ya sa, ta shige.

"Alhamdu lillahi! Sai wanne, Baba?"

Yatsan ya nuna noti, noti ya hau. Ya nuna wani ɗan faifai, shi ma ya zauna. Zuciyar Lawan ta fara dawowa mazauninta. Daga nan yatsan ya shiga yawo a kan farantin, ya je ya dawo, ya tsaya tsakanin gwangwani biyu.

"Wannan? Ko wancan? Baba, dube ni. Wannan?"

Bakin ya motsa, babu abin da ya fito sai iska da miyau. Lawan ya rufe ido ya zaɓi ɗaya, ɗan sifirin ne, ya ɗora shi a inda yake zato, ya danna da babban yatsa. Sai ji ya yi fit! Abin ya yi tsalle ta saman kafaɗarsa, ya ɓace.

"Kada kowa ya motsa!"

Kai, abin ba kyan gani. Magidanta da gemunsu suka zube a gwiwa suna lalube cikin taɓo da yatsu. Ladidi ta biyo sawu don ta ga ko an tafi, da ta ji abin da ake nema sai ta shige gidan ta fito da rariya, tana kwasar taɓo tana zuba ruwa tana tacewa, tana "Ya Allah, ya Allah." Aka samu ƙusa, aka samu murfin kwalba, aka samu maɓallin riga. Ana cikin haka Ahmadu ya dawo, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Gareji a rufe. An ce tunda babu motoci a hanya ya koma gona Rigachikun."

Lawan ya ci gaba da tona da farce, yana surutu shi kaɗai. "Nan ya faɗi, na ji shi, nan ne..."

"Lawan," in ji Inna Yalwa, muryarta can ƙasa. "Ɗan nan, rabu da ƙarfen nan. Numfashinsa ya canza."

Ya ɗago ya saurara. Numfashin na fita da ƙara kamar ana jan zarto, sai ya ɗauke, har ka ce shi ke nan, sannan ya dawo. Idon da ke kallon mutane ɗazu ya koma rabi a rufe. Lawan ya miƙe, ya ajiye farantin a kan dakali, ya maida bonet ya rufe.

"Ahmadu, ɗazu me ka ce? Mu tura?"

"Ai ba za ta tashi ba, tela. Kai ma ka gani."

"Ban ce ta tashi ba. Ba tayoyi huɗu gare ta ba? Mu tura ta har asibiti."

Ahmadu ya dube shi, ya dubi hanya. Asibitin ba nan kusa ba ne, ga kuma hawa a tsakani. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaure a ƙugu.

"Ku kama," ya ce.

Fitar da ita daga lungu shi ne jidalin farko. Tayar baya ta nutse, suka ɗaga, suka zame, Ahmadu ya faɗi a gwiwa ya tashi. Lawan ya bar ƙofar direba a buɗe, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙarfe, ɗayan takalmin ma ya yar da shi. Da suka hau kwalta sai ta miƙe, tana tafiya sulu, ba ka jin komai sai taya a kan ruwa da hakin maza. Hadari ya haɗo daga gabas, aka fara yayyafi.

Layin mai ya faro tun kafin a hango gidan man. Motoci ne bi da bi a gefen titi, direbobi zaune a kan bonet, wasu sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin manyan motoci. Duk suka ɗago kai.

"Kai, Fijo fo-o-fo! Dubi jiki don Allah, kamar yau ta sauka daga jirgi!" in ji wani.

"Malam, ƙarshen layi yana can baya!" wani ya daka musu tsawa, ya ɗauka tsallake za su yi.

"Mara lafiya ne!" in ji Ahmadu da ƙyar. "Asibiti!"

Wani dattijon direban tasi ya taso da buta a hannu, ya bi su yana leƙa gilashi. "Subhanallahi. Mai ne ya ƙare? Ina da ɗan kaɗan a tanki, a zo a zuƙa."

"Akwai mai," in ji Lawan, sai kuka ya ƙwace masa. "Akwai mai, baba. A taya mu turi kawai."

Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya dire butar a tsakiyar titi ya dafa but. Na kusa da shi ya diro daga kan bonet, na gaba ma haka. Kowa sai ya tura iyakar inda zai iya hango motarsa, don kada a ci masa layi, sannan ya saki na gaba ya karɓa. Bahaushe, Bayarabe, Inyamuri, ba wanda ya tambayi sunan wanda ke ciki. Wasu kuwa da suka kama ba su sake saki ba, suka manta da layin gaba ɗaya.

"Baba, ka daure!" Lawan ke faɗi ba tare da ya waiwaya ba. "Dubi jama'ar da Allah ya kawo maka. Ka daure!"

A gindin hawa ruwa ya tsuge. Ƙafafu suka riƙa zamewa a kwalta, motar ta yi nauyi kamar an loda mata siminti, ta tsaya, ta fara ja da baya.

"Dutse! A sa dutse!"

Wani ya cusa dutse a bayan taya. Suka numfasa, suka jera kafaɗu. "Hoɓɓasa!" Ta motsa. "Hoɓɓasa!" Tafin ƙafar Lawan ya tsage, bai ji ba. Ƙirjinsa kamar an hura wuta, yana turi yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci. Da ƙyar da jiɓin goshi hancin Fijo ya leƙa saman tudu.

"Shiga, tela, shiga! Gangara ce!"

Ya faɗa ciki ya ja ƙofa. Motar ta ɗauki kanta, ta fara gudu, ta bar mazan a baya suna binta. Ya goge gilashi da hannun riga, sai ga katangar asibiti can a ƙasa, da tankin ruwanta. Wani daɗi ya kama shi.

"Baba, mun iso! Ga katangar can! Inna, gaya masa, ga ta can!"

Ba a amsa ba. Sai a lokacin ya lura ba ya jin ƙarar zarton nan, kuma bai san tun yaushe ya daina ji ba. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Inna Yalwa ta cire mayafinta ta rufe fuskar mijinta da shi, hannunta ɗaya na tallafe da haɓarsa ta ƙarƙashi, tana kallon ruwa ta taga.

Lawan ya taka birki a hankali, kamar mai gudun ta da mai barci. Motar ta tsaya a gefen titi.

"Inna."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen masu layin mai. Na yi masa kalmar shahada, ya ɗaga yatsa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya kifa goshi a kan sitiyari. "Haba Inna, me ya sa ba ki ce mu tsaya ba? Bayin Allah nan duk hawan nan..."

"Na so in faɗa. Na ga yadda kuke turi, bakina ya yi nauyi." Ta gyara bakin mayafin inda ya zame. "Kuma na ce a raina, bari motarsa ta ɗan ƙara tafiya da shi."

Mazan suka iso a guje, Ahmadu a gaba. "Tela, me ka tsaya yi? Ga asibiti nan, me ka..." Ya leƙa taga, maganar ta tsaya masa. Salati ya bi baki-baki har ya kai ga na ƙarshensu, wanda bai ma san ko wane ne ya rasu ba. Suka tsaya cirko-cirko cikin ruwa, ba wanda ya nemi wurin fakewa.

Can Ahmadu ya share fuska da tafin hannu. "A juya," ya ce. "A samu a yi masa sutura kafin la'asar."

Lawan ya karya sitiyari har ƙarshe. Suka juya motar a tsakiyar titi, hancinta ya fuskanci tudun da suka gangaro. Wannan karon ba wanda ya ce hoɓɓasa. Suka jera hannuwa a bayanta, suka sunkuyar da kai, suka fara turawa a hankali, ruwa na sauka a kan rufin.